Ranar da Mata Suka Mayar wa Sarki Fatarsa

A unguwar Hindawiyya da ke Makka, in sanyi ya ɗan leƙo, kakarmu Hajiya Dudu takan sa a hau da kaskon gawayi saman soro bayan magariba. Ta ɗora butar shayi, mu jikoki mu kewaye ta, ƙarar motoci na tasowa daga titi. Dokarta ɗaya ce: wanda ya amsa mata da Larabci ba shi da gyaɗa. Ni na fi kowa rasa gyaɗa.

Akwai labarin da ba ta gajiya da shi. Wani sarki ne yaƙi ya cinye masa taska, sai ya karɓe zinariya da azurfar talakawa, ya raba musu guntayen fata masu hatiminsa. Ya yi alkawarin in an ci yaƙi, kowa ya kawo fata ya karɓi abinsa. Aka ci yaƙi, aka sha kiɗa, sarki ya yi gum.

A garin akwai wata tsohuwa mai daddawa, Inna Kulu, wadda ta daɗe tana tara azurfa don ta zo Makka. Ta kai fatunta bakin kogi, mai fito ya ce hatimin sarkinsu bai san ɗaya gaɓar ba. Ga gwiwoyinta sun fara ciwo. In ta ƙara shekara, tafiya ta gagare ta.

"Kuna zaton zama ta yi tana kuka?" Hajiya takan tambaye mu. "Wallahi gida-gida ta bi, ya habibi."

Da damina ta sauka, matan gari kaf suka fito da ƙwarya a ka, suka juye fatun a ƙofar fada. Ruwa ya jiƙa, rana ta doka, wari ya tashi. A nan Hajiya takan toshe hanci, mu kuwa mu yi ta birgima da dariya. Sarki ya ce a kwashe. Inna Kulu ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, dukiyarka ce, ga hatiminka a jiki. Wa ya isa ya taɓa?" Ƙudaje suka hana fada zamuwa. Dole aka buɗe taska, maƙera suka hura wuta suka buga kuɗin azurfa, tsohuwa ta haye kogi da azurfarta a ɗamara.

Na daɗe ina ɗaukarsa labarin ban dariya. Sai bayan rasuwarta mahaifiyata ta gaya mini cewa Hajiya ta baro gida don zuwa Makka bayan yaƙin duniya na biyu da kuɗin takarda, aka ƙi karɓarsu a bakin teku a Sudan. Kakanmu ya rasu a can suna jira. Ta kafa tanda tana toya waina, ta haɗa kan matan zangon mahajjata suka daina sayar da komai sai da azurfa, har ta biya kuɗin jirgin ruwa da goyo a baya.

Yau a unguwar Shisha da waya nake biyan kuɗin burodi, kuma in abokai suna gardamar a koma zinariya da azurfa, ban cika tsoma baki ba. Amma nakan ji alfahari har wuya. Sarakuna masu hatimi a kan kuɗin takarda sun yi mata alkawari sun saɓa, ita kuwa ta yi wa kanta ɗaya tak, ta cika shi. Goyon nan da ta sauko da shi a Jidda, ita ce ta haife ni.