Layin Baba a Ƙarƙashin Tayil

Ƙanena ya binne mini layin alƙibla. Abin da ya yi ke nan, kuma ba zan sauya masa suna ba. Abu ɗaya na roƙe shi kafin in yi tafiya. Na ce ya fente bango, ya canja kwano, ya rushe kicin ma in ya ga dama, amma kada a taɓa daɓen ɗakin Baba. Ya ce, "To, Yaya." Na tafi Misau aikin ɗora tankin ruwa, na yi mako uku, na dawo na tarar da tayil fari ƙal tun daga bakin ƙofa har ƙuryar ɗaki.

Bari in faɗi mene ne layin, kada a ɗauka rigimar banza ce.

Gidanmu yana Ƙofar Dumi, cikin lungun da sai ya lanƙwashe sau biyu kafin ka iso zaurenmu. Yadda lungun ya karkace haka gidan ya karkace. Babu bango ɗaya da ya kalli alƙibla sosai. Shekarar da aka fara zuba siminti a ɗakin Baba ina saurayi, ni ma na kwaɓa da hannuna. Baba ya jira simintin ya fara kamawa, ya ɗauki ƙusa ya durƙusa ya ja layi daga wajen ƙofa zuwa kusurwar hagu, a gicciye. Magini ya ce, "Malam, ka ɓata mini aiki." Baba ya ce masa ai yanzu aikin ya cika. Yadda aka yi ya gane wajen ban sani ba. Na dai ga ya yi kwanaki yana kafa sanda a tsakar gida da sassafe yana duban inuwarta. Ban tambaya ba, kuma har yau abin yana cina.

Da ya tsufa idonsa ya rufe. A nan ne na ga amfanin layin. In ya yi alwala sai ya shigo yana jan ƙafa, babban ɗan yatsansa yana lalube, da ya faɗa cikin layin sai ya gyara tsayuwa ya kabbara. Bai taɓa kiran wani ya juya shi ba. Kafin ya rasu layin ya yi sulɓi, ya ƙara faɗi, saboda gugar yatsa.

Ni kuwa mai walda ne. Aji biyu na yi a sakandare na bari, aka bar wa ƙanena karatun, ni na kama ƙarfe. Shekara talatin ina kallon wutar nan, wani lokaci da gilashi, wani lokaci in runtse ido kawai. Bara likitan ido ya haska ni ya ce na hagu ya yi nisa, na dama kuma yana bin sa a hankali. Babu wanda na gaya wa sai matata. Tun ranar, duk sanda zan yi salla a ɗakin, sai in rufe ido in nemi layin da ƙafa. Koyo nake yi.

Gyaran gidan kuwa dalilinsa aure ne. Ƙanena ma'aikaci ne, yana zaune a Gwallameji, zai aurar da 'yarsa ga mutanen Abuja, kuma dole su zo gaisuwa gidan asali. Ya zo da hotuna cike da waya yana nuna mini, wannan falo ne, wannan kicin ne, wannan wurin cin abinci. Ban ƙi ba. Gaskiya ma ina son gani. Rabin ƙofofin ƙarfen unguwarsu ni na yi, kuma duk gidan da na je ɗora ƙofa sai na leƙa ciki. Kullum ina mamakin wa yake fara tunanin abubuwan nan, kuma me yake nema.

Ranar da na dawo, kafin in shiga ɗakin Baba, matata ta zagaya da ni kamar baƙo.

Falon tsakiya an yi masa sili na farar hoda, wanda suke kira fi-o-fi, hawa biyu kamar matakala a kife. An ɓoye ƙwayayen lantarki a bayansa, haske yana fitowa amma ba ka ganin daga ina. Na hau kujera na zura hannu don in gane. Ashe wata 'yar igiya ce mai ƙananan idanu. Wannan kam ya burge ni. Bangon kuma an shafe bulon da siminti, an goge ya yi santsi, sannan aka manna takarda mai hoton bulo. Na tsaya na daɗe a nan. An rufe bulo na gaske, an sayo hotonsa an liƙa. Na shafa na sake shafawa, ban gane ba, har yanzu kuma ina so wani ya zaunar da ni ya fahimtar da ni.

Akwai labule daga sama har ƙasa a bangon kudu. Na yaye shi in sha iska, na ci karo da bango. Babu taga.

"Na mene ne?" na tambayi matata.

"An ce don ya yi daidai da na wancan gefen."

"Ya yi daidai ya yi me?"

"Malam, ni ma jiya na daina yaye shi."

A kicin an jera kabad a sama, masu ƙofar da ba ta ƙara in ka sake ta, sai ta koma a hankali da kanta. Na buɗe na rufe ya fi sau goma ina leƙen hinjin, don wannan aikin ƙarfe ne, na san darajarsa. Amma matata gajeriya ce. Na ga ta kife turmi a gindin kabad ɗin, shi take takawa in za ta ɗauko gishiri. Tuwo kuwa tana nan tana tuƙa shi a tsakar gida kan murhun gawayi, don babbar tukunyarmu ba ta zama a kan sabon abin girkin.

Duk wannan dariya nake yi. Sai ta tsaya a ƙofar ɗakin Baba, ta ce, "Ka yi haƙuri kafin ka shiga."

Na cire takalmi na taka. Sanyi, santsi, kamar ka taka faranti. Na rufe ido na ja ƙafa. Babu komai sai 'yan layukan da ke tsakanin tayil da tayil, su kuma bango suka bi, wato karkatar gidan suka bi.

Na kira ƙanena a waya.

"Yaya, ai daɓen ya tsufa," ya ce. "Kuma yanzu wa yake neman alƙibla a ƙasa? Waya tana nunawa. Zan sa maka a taka."

Na kashe. Amma maganar ta tsaya mini, na ce bari in gwada. Na aro wayoyi uku a unguwa na jera su a tsakiyar ɗakin. Ɗaya ta nuna kusurwa, ɗaya ta nuna ƙofa, ta ukun tana ta rawa kamar mai jin sanyi. Da na matsa da su kusa da taga sai duk suka juya suka kalli ƙarfen tagar, wanda ni na ƙera shi. Wannan ya ba ni mamaki ƙwarai. Ashe ƙarfe yana jan su. Na yi ta yawo da su a ɗakin kusan awa guda ina kallon yadda suke ruɗewa. To ko da sun daidaita ma, waya sai da ido.

Na haƙura har biki ya wuce, don yarinyar ba ta yi mini komai ba. Surukai suka zo, aka sauke su a ɗakin Baba, suna ta yaba gida. La'asar ta yi suka shimfiɗa darduma suka miƙe ta da layin tayil. Na ce, "Alhaji, ku ɗan karkata hagu." Babbansu ya dubi tayil, ya dubi bango, ya dube ni da rigar aikina, ya ce, "Ai ga shi a miƙe." Ya dai karkata kaɗan don kunya.

Bayan biki na nemo mai tayil ɗin. Na same shi yana aiki a wani gida wajen Shadawanka, mutum ne mai fara'a, Hausarsa a gutsure.

"Maigida, aikin bai yi kyau ba ne?"

"Ya yi kyau. Tambaya ce da ni. Tsohon daɓen kun fasa shi ne ko kun zuba a kai?"

"Mun sassare shi da diga nan da can, don siminti ya kama. Sai mun zuba."

"Ba ka ga wani layi ba?"

"Na gani. Dogo haka, a karkace. Na ce wa oga ƙasa ya tsage. Oga ya ce ba tsagewa ba ne, babansu ya ja. Ya ce a rufe."

Ka ji. Da ina ce wa kaina mantuwa ya yi. Ashe ya tsaya a kansa, ya gane shi, ya ce a rufe.

Mutumin ya koya mini abu ɗaya da na ji daɗinsa. Ya ce in ƙwanƙwasa tayil da gindin cokali, wanda ya yi ƙarar kwano akwai iska a ƙarƙashinsa, shi ne zai ɗagu bai fashe ba. Na koma gida na bi ɗakin a durƙushe ina ƙwanƙwasawa ina saurare. Kowanne da muryarsa. Matata ta leƙo ta ce ko na fara kiɗa ne da tsufa.

Na ɗaga na farko wajen kusurwa, na fara cin simintin da guduma da cizal a hankali, don sabo yana rabuwa da tsoho in ba ka yi gaggawa ba. Babu komai sai ramukan diga. Na biyu ya fashe a hannuna. A na uku ido bai nuna mini komai ba, ƙura ce kawai, sai na rufe shi na sa yatsa. Na ji shi. Sulɓin nan, faɗin nan. Bai fi taƙi ɗaya ba, diga ta cinye gaba da baya. Na zauna a ƙasa na daɗe yatsana yana ciki.

Taƙi ɗaya ba ya isa a ja dogon layi, in ka kuskure kaɗan a nan, can gaba ka yi nisa. Wannan kowane mai walda ya sani. Na koma wajen ƙofa na ɗaga wasu biyu, na sami wani guntu kamar tsawon ɗan yatsa. Na kafa ƙusa a nan, na kafa a can, na ɗaure zare ya miƙe, na yi alama a bango gefe biyu. Na mayar da tayil daga ragowar da suka bari a zaure. Da ya bushe na ɗauko injina na yankan ƙarfe, na sa masa faifan dutse, na bi zaren na tsaga layi a kan farin tayil ɗin daga ƙofa har kusurwa. Na bi da takardar guga na kashe masa kaifi don kada ya yanki ƙafa.

Ranar Juma'a bayan masallaci ƙanena ya zo da wani abokin aikinsa da yake son ya yi irin gyaran a gidansu. Ya nuna masa sili, ya nuna masa kabad. Suka zo ɗakin Baba ina zaune. Ya ga layin, ya tsaya cak. Abokin ya ce zai jira a mota.

"Haba Yaya. Mene ne wannan? Ka san daga ina aka kawo tayil ɗin nan?"

"Cire takalminka."

"Yaya, magana nake yi."

"Na ji. Cire, ka rufe ido, ka nemo mini alƙibla."

Bai cire ba. Ya ce shi ma ɗan Baba ne, shi ma yana kewarsa, amma ba a zama da tsohon siminti don tunawa da mamaci.

Na tashi na matsa kusa da shi, kusa sosai, don daga nesa fuskarsa hazo ce. Na ce, "Kai ka ɗauka tunawa nake yi. Dubi idon nan nawa na hagu, dube shi da kyau. Tun bara ba na ganinka da shi, na daman ma yana hanya. Ƙarfen da na ƙona su a kai shi ya bar ka a aji. Ban taɓa yi maka gori ba, yau ma ba shi nake yi ba. Silinka ya yi kyau, kabad ɗinka ya yi kyau, labulenka na bango ma na bar maka shi. Amma ka tsaya a kan layin nan, ka san wanda ya ja shi, ka ce a rufe, ba ka tambaye ni me ya sa na roƙe ka ba. Baba bai taɓa kiran kowa ya juya shi ba, ni ma ba zan kira ba. In ka sake rufe shi, zan sake tsagawa, ko da lalube ne."