Rijiyar da Goggo Nungarrayi ba ta ƙarasa ba

Goggona Beril Nungarrayi ta kai shekara talatin tana zane a rumfar mata ta ƙauyenmu, tana zaune a ƙasa dirshan, ƙyalle a shimfiɗe, gwangwanin shayi a gefe, karnuka uku suna barci a bayanta. Ni nake kaɗa mata fenti. Ba ta taɓa cewa na kaɗa daidai ba.

Abu ɗaya take zanawa, rijiyar kakanninmu da ke can cikin jan rairayi, tafiyar kwana biyu a mota, da hanyar da magabata suka bi suka tona ta. Ƙasar ta ubanta ce, don haka zanen nata ne. Amma a wurinmu mai ƙasa ba ya duba aikin kansa, sai ɗan goggonsa ya tsaya a kai ya ce ya yi. Mai duba na Goggo taubashiyarta ce, wata 'yar zuriyar Napurrurla mai baki kamar reza, wadda yanzu ba ma kiran sunanta na yanka, don a wurinmu ba a ambaton sunan mamaci.

Kullum sai sun yi cacar baki, Napurrurla ce ke farawa.

"Ke makauniya, wannan tudun gabas yake, kin kai shi yamma. So kike jikoki su mutu da ƙishi?"

"Ji tsohuwar banza. Yaushe rabonki da zuwa can?"

"Goge dai."

Goggo ta yi ta ƙunƙuni, amma sai ta goge.

Napurrurla ta rasu cikin sanyi, ana tsakiyar wani babban zane. Muka yi zaman makoki, muka shafa farar ƙasa, muka share sawunta daga rumfar da ganye. Da Goggo ta dawo aiki sai ta cike gefuna da ɗige-ɗige, ta bar tsakiya fayau, inda rijiyar za ta zauna. Sauran 'ya'yan goggonta duk sun riga mu gidan gaskiya, jikokinsu suna can birnin Alice Springs, ba su taɓa taka wurin ba.

Wata uku ƙyallen yana nan. Ta zo da safe, ta zauna, ta tsoma tsinke a fenti har ya bushe. Abin ya ishe ni, tausayinta kuma ya hana ni sakat. Ran nan na durƙusa kusa da ita.

"Goggo, ki ƙarasa mana. Ni na duba, ya yi kyau."

Ko kallona ba ta yi ba.

"Ke 'yar ƙanena ce, ƙasarki ce kamar ni. Ya yi kyau kowa ma ya iya faɗa, har Turawa masu saye. Wa zai ce mini na yi kuskure?"

Ta naɗe shi da kanta, ta sa na ɗora a saman kabad.

Har yanzu tana zuwa rumfar. Furen tumatirin daji take zanawa, wanda ba ya bukatar izinin kowa, baƙi kuma suna so. Ni ce ya kamata in gaji rijiyar nan, ga shi na haura hamsin, kuma ko yau aka ajiye ni a jan rairayin ban san ta inda zan nufa ba.