Sunan da Kaka Ba Ta Kira

Har yau in na ji ƙanshin ɗanyen ganyen da ake naɗe goro da shi, sai in ga kaina a tsakar gidanmu na Agege, ina leƙen waje ta tsagar katanga. Ni ban yi boko ba, amma abin da ya shiga kunnena ba ya zubewa.

Gidanmu yana bayan tashar jirgin ƙasa. Baba fataken goro yake saukewa, zaure kullum cike da huhuna. In jirgi ya taho, kwanukan Inna har rawa suke yi. Shekarata tara ina jin kukansa, ban taɓa ganin komai nasa ba sai hayaƙi. Sa'o'ina suna kai wa iyayensu abinci tasha, ni kuwa iyakata zaure. Kaka, mahaifiyar Baba, ta ce Doguwa tana zaune a rimin bakin titin jirgi, kuma 'ya'yan gidanmu take so.

Wata damina ruwa ya kulle mu kwana uku. Kaka tana tsefe mini kai, na yi dabara: in na san sunan aljanar nan, sai in gaishe ta da shi, ta bar ni in wuce. Na tambaya. Kaka ta ce Doguwa ba suna ba ne, sakayawa ce. Mutanen da, can Arewa, sun gan ta kanta yana taɓa reshen sama, suka kira ta da tsayinta, don wanda ya ambaci sunanta na gaskiya ya gayyato ta. Na ce to ita Kaka ta san shi? Ta ja gashina har na yi ƙwalla.

"Ke, kin taɓa jin na kira sunan wan ubanki?"

Ban ma san Baba yana da wa ba. Inna ce ta faɗa mini muna wanke-wanke. Ɗan farin Kaka ne, dama ba ta kiran sunansa don kunya. Yana shekara tara ya kai abinci tasha, jirgi ya taka shi a gindin rimin nan.

Daga ranar na daina roƙon a bar ni in fita. Ban tsallake titin ba sai da Kaka ta rasu.

Yanzu an sare rimin, motocin danfo da baburan okada ne a wurin, jikokina suna tsallakewa suna danna waya. Sunan Doguwa na gaskiya ban taɓa ji ba. Na yaron kuwa Baba ya faɗa mini ranar da aka binne Kaka, na roƙi maigidana aka sa wa ɗana na fari. Kun ga ke nan, ni ma ba na kiran sa.