Agogon Mai Tuta

Daga Bebeji har Doguwa, mutum ɗaya ne ya taɓa auna girgizar ƙasa da na'ura, shi ne Malam Zailani Mai Tuta. Maganar tabbatacciya ce, domin daga bakinsa aka ji ta, kuma ya maimaita ta a kowace kasuwa da ke ci tsakanin Tudun Wada da Falgore. Na'urar wani agogon bango ne mai ƙarfe yana lilo a cikinsa, wanda mahaifinsa ya yo tsaraba daga aikin hajji.

An haifi Zailani a wani ƙauye da ke gefen dajin Falgore, a gindin wani babban dutse. Ya yi firamare, ya taɓa noma kaɗan, ya gane bai dace da shi ba. Da wani kamfanin gina titi ya zo neman dutsen fasawa, shi ya shige musu gaba har bayan gari ya nuna musu na garinsu. Aka saka masa da jar tuta da usur. Aikinsa ya tsaya a bakin hanya kullum da ƙarfe biyu na rana, ya busa, ya kaɗa tuta, mata su kwashe yara su shige gida, sannan a tashi nakiya.

Wata rana da bazara, mata suka fita ɗibar ruwa bayan la'asar, suka tarar rijiyar unguwa ta rufta. Ita kaɗai ce ba ta ƙafewa, kuma kakan Mudi maƙeri ne ya haƙa ta. Kowa ya ce nakiya ce, kowa kuma ya san wanda ya kawo masu nakiyar. Zailani bai yi musu ba. Ya shiga turakar mahaifinsa, ya fito rungume da agogon, wanda ya tsaya cak a kan ƙarfe huɗu. Ya ce girgizar ƙasa aka yi, ita ta tsayar da lilon, ita ta ruftar da rijiya. Kamfani da ƙarfe biyu yake fasa dutse, ba da huɗu ba, saboda haka abin daga Allah ne, mai ƙorafi ya san inda zai kai. Da aka ce ba wanda ya ji komai da ƙarfe huɗu, sai ya ce mutanen garin sun cika barcin rana.

Kamfani ya gama titi ya tafi. Mata suka koma ɗebo ruwa a rafi. Mahaifin Zailani ya rasu, agogo ya dawo zauren ɗan, ba a sake taɓa shi ba. Girgizar kuwa ta yi ta girma a bakin Zailani. Da fari ƙwarya ce ta faɗo daga kan rumbu. Bayan wasu shekaru shanun Arɗo ne suka durƙusa gaba ɗaya. Kafin gemunsa ya gama fari, birai sun riga sun faɗo daga itatuwan Falgore.

Mudi bai taɓa yarda ba. Ya daina tsayawa kusa da shi a sahu. In sun haɗu a gidan suna ko wurin jana'iza, yakan gaishe shi da cikakken ladabi, ya tambayi iyali, sannan ya tambayi lafiyar girgiza. Zailani yakan ce wa mutane hayaƙin maƙera ya daɗe da taɓa ƙwaƙwalwar Mudi.

Da mai unguwa ya rasu, Zailani ya nemi sarautar. Dagaci ya ce sai dattawa sun amince, Mudi kuwa ya ce wanda ya kashe wa unguwa rijiya ba zai riƙe ta ba. Ana cikin haka wata malamar jami'a mai suna Rumaisa ta zo yankin tana tattara labarin motsin ƙasa daga bakin tsofaffi. Zailani ya aika mata ɗan acaɓa. Ya sa aka share zaure, ya gayyato dagaci da dattawa, ya aika wa Mudi musamman. A ganinsa, in boko ya gaskata agogo, rawani ya zo.

Malamar ta gaida kowa, ta zauna a gefen tabarma. Ta yi bayani cewa na'urorin farko allura ce ke zane a kan takarda mai baƙin hayaƙi, tsawon zanen ke nuna ƙarfin girgiza. Inda babu na'ura, akan dubi abin da ya rushe, da agogon da ya tsaya. Zailani ya dubi Mudi.

Mudi ya ce, "Mai Tuta, ka gaya mata na biran ma. Kada ka rage mata komai."

"Ana maganar ilimi, Mudi. In an zo kan lauje za a neme ka."

Malamar ta ce wahalar aikinsu ba ta wuce agogo ba, don tsofaffin tashoshin auna girgiza kowace da lokacin da take bi, sai an daidaita su kafin a yarda da su. Ta dubi agogon ta ce, "Baba, wa yake saita shi a lokacin? Da me ake saita shi?"

Zailani ya ce agogon Makka ne, ba ya buƙatar gyaran kowa.

Yayarsa Baturiya, wadda ta yi zaman aure a Yako ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, tana soron ciki ta kawo fura. Tun dawowarta ya ba ta ɗakin da ke zuba, suna gaisawa ne kawai. Ta ce daga bayan labule, "Gaskiya ya faɗa, 'yar nan. Baba bai yarda a taɓa shi ba. Yadda aka saita masa a can haka ya bar shi, wai ya riƙa sanin lokacin da ake salla a Harami. In ya buga huɗu, mu nan ba a daɗe da azahar ba."

Mudi ya tambaya me ya hana ta faɗa tuntuni. Ta ce ba wanda ya taɓa tambayarta.

Zailani ya ce tsufa ya kama Yaya. Dagaci ya sha furarsa, ya yi godiya, ya tashi. Mudi ya tsaya ya taya Zailani naɗe tabarma, abin da bai taɓa yi ba.

An naɗa ƙanen marigayi mai unguwa. Zailani yana nan, agogon yana zaure, har yanzu yana ba baƙi labarin, sai dai ya cire biran. Bambancin lokaci tsakanin Makka da Kano awa biyu ne.