Bargon Baba Mai Wayarin

Kafin sauran masu gareji su iso, Baba Mai Wayarin ya riga ya share gaban rumfarsa, ya jera sukundireba da filaya a kan benci, ya kakkaɓe tsohon bargonsa ya saɓa a kafaɗa. Shekara talatin da huɗu ke nan yana haka. Makanikai sun tsokane shi har sun gaji.

"Baba, yau ma barcin za a sha?"

"Ku dai ku ji da baƙin manku," in ji shi.

Bargon nan kayan aiki ne. In aka kawo mota mai matsalar hasken dashbod, Baba ba ya yarda ya duba ta a cikin hasken rana. Sai ya lulluɓe gilashin gaba da bargo, ya toshe tagogi da kwali, ya shiga ya ja ƙofa. A wajensa, fitilar da aka yi domin duhu a duhu ake gwada ta. Yakan fito sharkaf da gumi, amma ya gano matsalar.

Wanda ya fi kowa sanin darajar bargon nan shi ne Kawu Direba, dattijon da ke mayar da ma'aikatan wani kamfani gida da yamma. Wata rana ya kawo bas ɗinsa a gyara sigina, fuska ba walwala. Baba ya matsa masa da tambaya, sai ya zaro takardar ajiye aiki daga aljihu.

"Dundumi ya kama ni, Baba. Da magariba ta yi na kunna fitila, ba na ganin allurar gudu, ba na ganin ta mai. Mako uku ina ɓoyewa, ko uwar yara ban gaya wa ba. Ba zan ɗauki ran mutum sha takwas da wannan idon ba."

'Ya'ya uku gare shi a makaranta, kuma ban da tuƙi ba shi da wata sana'a.

"Titin fa, kana ganinsa?"

"Tar nake ganinsa."

"To shigo."

Aka lulluɓe bas, dattawa biyu suka zauna a duhu. Kawu ya kunna manyan fitilu, dashbod ya dusashe kamar garwashin da toka ta rufe. Baba ya lalubi wata 'yar taya a gefen sitiyari ya murza ta sama. Lambobi suka fito ɗaya bayan ɗaya.

"Da rana dashbod haskensa duka yake bayarwa," in ji Baba. "Da ka kunna manyan fitilu, motar ta san duhu ya yi, sai ta rage shi don kada ya kashe maka ido. Yawan ragin kuwa 'yar tayar nan ce ke da iko da shi. In ka kai ta ƙurya har ta ce ƙas, fitilar rufi ce za ta kama. Wa ke wanke maka mota?"

Ashe sabon mai wanki aka samu, mai tsabtar tsiya. Kullum sai ya goge wurin da tsumma daga sama zuwa ƙasa, yana murza tayar bai sani ba.

Kawu ya kifa kai a sitiyari ya yi kuka. Baba ya bar bas ɗin a lulluɓe har Kawu ya gama, sannan ya buɗe ƙofa.

Baba, kai ne ka tambayi mutum kafin ka taɓa waya. Kai ne ka rufa wa dattijo asiri da bargon da ake yi wa dariya. Mai hannun alheri, mun gode.

A watan nan Baba ya ajiye aiki. Idonsa ya daina bambanta jar waya da ruwan ƙasa, kuma wannan ba tayar da za a murza. Abin ya yi mana ciwo ƙwarai. Allah Ya ba ka lafiya, Ya saka maka da alheri. Ku kuma masu sana'a da ke tasowa, ku koyi zama cikin duhu da mai matsala kafin ku yanke hukunci.

Duk Talata Kawu ne ke kai Baba asibitin ido, kuma a gaba yake zaunar da shi. Ran nan suna dawowa da magariba, Kawu ya kunna fitila. Baba ya ƙura wa dashbod ido, ya ce, "Ba na ganin lambobin. Murza min."

Kawu ya murza tayar har dab da ƙurya, duk da hasken na damunsa.

"Yauwa," in ji Baba. "To mayar da ita daidai idonka. Kai ke tuƙi."