Tocilar Ɗanjuma ta wuce rimi

Jama'a, yau mun gwada tocila, kuma ta haska abin da bai kamata ba!

Bayan sallar Isha'i ni da Ɗanjuma, abokin sintirina, muka hau ganuwa ta wajen Ƙofar Gayan. Tocila biyu ce, za mu zaɓi wadda za a saya wa 'yan sintiri. Muka ce duk wadda ta kai bishiyar rimin can nesa ita ce gwana.

Na kunna tawa, ko rabin hanya ba ta kai ba. Ɗanjuma ya kunna tasa, sai ga rimi tar!

Ya ce, "Ai har wuce shi take yi, duba!"

Ya karkata ta. Mun manta ba mu aika a faɗa wa maƙwabta za a hau sama ba. Haske ya faɗa makewayin wani gida, marar rufi. Sai ga kan dattijo, duk kumfa!

Innalillahi! Gidan surukin Ɗanjuma ne. Ɗanjuma ya daskare, ko kashewa ya kasa.

Can sai wayarsa ta yi ƙara. Alhaji ne, surukin nasa.

"Ɗanjuma, tocilar da ka nuna min da rana ce? Madalla, tana da kyau. To kashe in ƙarasa wanka."