Sulallan Baba Masu Kan Bijimi

Ina cikin aji a Kiyawa, da alli a hannuna, wayata ta fara ruri a jaka. Ba na ɗaga waya ina koyarwa, amma da ta katse ta sake, ta kuma katse ta sake, sai na fita baranda. Yaya Auwalu ne, babban wanmu. Ko sallama bai yi ba. Ya ce, "Hadiza, ki taho Yalwawa. Allah ya yi wa Baba rasuwa." Na yi salati, na dafa bango. Kafin in sauke wayar ya ƙara wata magana da murya ƙasa-ƙasa, wadda har yau take cina a rai: "An sami ɗaya a aljihunsa."

Ban tambaye shi ɗayan me ba. Duk wanda ya san Malam Hamza, tsohon malamin dabbobi, ya san sulallansa. Sulallan zamanin Turawa ne da aka sake yi wa bugu na biyu. In ka juya ɗaya a hasken rana za ka ga kan bijimi da ƙahoninsa, a ƙarƙashi kuma inuwar kan sarkin Ingila tana leƙowa. Jama'a sun cika gidanmu da gaisuwa, an yabi haƙurinsa, an yabi zumuncinsa, amma kowa ya kauce wa zancen sulallan kamar ramin kan hanya. Ni zan yi zancensu, domin ba a faɗin waye Baba a tsallake su.

Tun Dutse ba ta zama babban birnin jiha ba, Baba yana saurayi sabon ɗauka a aiki, aka yi wata gasar shanu a yankin. An kawo ƙarfen hatimi mai kan bijimi don buga lambar yabo ga waɗanda suka yi nasara. Lambobin da aka tanada suka ƙare, ga makiyaya sun koro bijimansu daga nesa, za su koma hannu banza. Baba ne ya kawo shawara: matansu suna da sulalla a kitso da wuya, a ciro a buga hatimin a kai. Wani maƙerin fari ya kafa uwar maƙera a gindin tsamiya ya yi ta bugu. Abin ya yi wa mutane daɗi, har bayan gasar ana kai masa sulalla daga rugage. Sai dai ƙarfen hatimin ya fara tsagewa saboda shan guduma, tsagar kuma ta riƙa fitowa a sulallan baya kamar zare, daidai maƙogwaron bijimin. Ba a daɗe ba annoba ta faɗa wa shanu, garke bayan garke ya kwanta. Mata suka duba abin da ke rataye a wuyansu, suka ga bijimi a yanke.

Daga nan sulallan suka zama kayan tsoro. In an yar, ana gudun ɗan wani ya tsinta. In an kai narkarwa, babu maƙerin da zai taɓa. Sai a ƙulle a tsumma a soke a rufin bukka, mai shi ta kwana tana jin sa a saman kanta. Malamai sun yi wa'azi, Baba ma ya yi, cewa babu mai cutarwa sai da ikon Allah. Kowa ya gyaɗa kai, ya koma gida da tsoronsa. Da Baba ya ga haka ya daina gardama, ya fara karɓa. Duk rugar da ya shiga allurar shanu, bayan ya gama aiki sai ya durƙusa gaban tsohuwar gidan ya ce, "Dada, ba ni. In akwai sharri a ciki, ya kwana a gidana."

Kada wani ya ɗauka tausayi ne kaɗai. Baba yana son sulallan nan, so na gaske, irin wanda ke sa babban mutum ya manta da abincinsa. Ranar Asabar da hantsi yakan shimfiɗa farin ƙyalle a zaure, ya jera su bisa tsawon tsagar, daga waɗanda suka fito sumul zuwa waɗanda zaren ya yi nisa. Ba ya yarda a goge su. Wata rana Ummanmu ta dirje ɗaya da toka don ta faranta masa, ya karɓa ya daɗe yana kallo, ya ce, "Kin wanke masa shekarunsa." Tuwon ranar kuwa ya koma kicin a rufe. Ni ce cikin 'ya'yansa mai zama kusa da ƙyallen. Yakan bi layin da tsinke yana nuna mini: "Nan lafiyarsa lau. Nan ta fara. Nan ta kai rabi. Wuƙa ba ta yanka a hankali haka, Hadiza. Ƙarfe ne ya gaji."

Abin da ya jawo masa baƙin jini shi ne wannan. Yawancin tsofaffin ba sa sakin sulen sai sun ji jikinsu ya fara sallama. Tsoron riƙewa suke, tsoron bayarwa ma suke, amma babu wadda ke so ta mutu ta bar wa 'yarta shi. Sai ta aika a kira Malam Hamza, ya je ya karɓa, bayan ɗan lokaci a ji rasuwarta. Mutane suka juya lissafin. Aka fara cewa duk ƙofar da babur ɗinsa ya tsaya, a nemi likkafani. Na ga dattijon da ya janye hannunsa daga na Baba a ƙofar masallaci, ya yi kamar hularsa yake gyarawa. Na ga maƙwabciyar da ta daina karɓar kwanon gidanmu. Ni ba ni da haƙurin Baba, ban taɓa yin da'awarsa ba. Na yafa mayafi zan je in gaya mata abin da ke bakina, ya tare ni a zaure ya ce, "Koma. Mai tsoro ba maƙiyi ba ne, majinyaci ne."

Mako guda kafin rasuwarsa saƙo ya zo daga wata ruga a bayan Aujara. Ƙirjinsa ya riga ya matsa masa, Umma ta roƙe shi ya bari sai ya ji sauƙi. Ya ce wadda ta aiko ba ta da lokacin jiran sauƙinsa. Ya hau bayan ɗan acaɓa ya tafi. Da la'asar ya dawo, bai nemi farin ƙyallensa ba, abin da bai taɓa yi ba in ya samo sabo. Daga ranar bai ƙara fita ba. Ya cika bayan sallar azahar, yana zaune a kujerarsa.

Da na iso aka miƙo mini abin da aka samu a aljihun rigarsa. Tsagar ta ratsa sulen daga baki zuwa baki, kan bijimin ya rabu da wuyansa. Wannan ne bugun ƙarshe kafin hatimin ya dare biyu, wanda Baba ya yi shekara da shekaru yana cewa dole yana wani wuri. Na san ciwon ƙirji ne ajalinsa, likita ya faɗa, ni ma na ga tarin da idona. Duk da haka na ji tsoro.

Ranar sadakar uku Yaya Auwalu ya ja ni gefe a tsakar gida. Ya ce, "Akwai tsohuwar rijiya a bayan gona. Gobe zan kai akwatin sulallan can. Umma ba ta barci, mai ɗakina ta ce ba za ta sake shigowa da yara ba."

Na ce, "Yaya, in muka jefa su a rijiya, mun sa hannu kan abin da gari ya faɗa a kan Baba. Da hannun 'ya'yansa za a tabbatar cewa mutuwa yake tarawa."

Ya ce, "To wa zai riƙe? Ke?"

Muna tsaye a haka aka yi sallama. Wata tsohuwar Bafulatana ce, siririya, tana dogara sanda, ƙafarta duk ƙurar hanya. Ta gaisa da Umma, ta yi addu'a, sannan ta zauna a bakin tabarma ta fara kwance bakin zaninta. Matan da ke kusa da ita suka fara ja da baya tun kafin ƙullin ya buɗe. Ta ɗaga sulen a tafin hannunta, ta ce, "Na ji Malam ya tafi. Na yi ta cewa gobe, gobe. Jikata ce kaɗai gare ni, ba na so in bar mata. Yanzu wa ke karɓa?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Hannun tsohuwar yana nan a miƙe, babu wanda ya motsa. Ban san lokacin da na durƙusa a gabanta ba. Na ji bakina yana cewa, "Dada, ba ni."

Akwatin yana ɗakina a Kiyawa yanzu. Jiya na ga wata abokiyar aikina ta canza hanya da ta hango ni.

Ya Allah, ga bawanka Hamza ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa, ka cire masa tsoro ranar firgici kamar yadda ya yi ta cire wa bayinka raunana. Ka ba Umma barci da dangana, ka haɗa kan 'ya'yansa, ka wanke sunansa a bakin waɗanda suka guje shi. Ni kuma da na miƙa hannu ina tsoro, ka sa in iya sake miƙa shi ga tsohuwa ta gaba. Amin.